"Leave": Izini Ne Kafin Ya Zama Hutu

Ka shiga kowace sakatariya a Kano ko Sakkwato ka nemi wani jami'i, masinja ya ce maka "ai Yallaɓai ya tafi lif," to ka san fayil ɗinka zai kwana biyu a kan tebur. Lif ɗin nan kalmar Turanci ce, "leave", bakin Bahaushe ne ya gyara mata zama tunda ba mu da sautin v. A Nijar, inda aka gaji aikin ofis da Faransanci, konje za ka ji ana cewa. Duk wanda ka tambaya ma'anarta zai ce maka hutu, kuma a hirar majalisa wannan amsa ta wadatar. A takardar aiki kuwa da sauran magana, domin tushen kalmar izini ne. Hutun yana biyo baya ne, in ma akwai shi. Mai jinya da mai jego da wanda ya tafi ƙaro karatu duk suna lif, babu mai hutawa a cikinsu.

Turanci yana da kalmomi biyu da suka haɗu a rubutu ɗaya da furuci ɗaya. Ɗaya aikatau ce, tana nufin barin wuri ko barin abu. Ɗayar suna ce, ta fito daga wata tsohuwar kalma mai nufin yardar na gaba. Wannan ta biyun ita ce ta ofis. Cikakken furucin shi ne "leave of absence", wato izinin rashin zuwa, yau da gobe ta yanke masa wutsiya aka bar kan kawai. Tsohuwar ma'anar tana nan da ranta a wuraren da harshe ba ya saurin canzawa. Lauyan da ya nemi "leave to appeal" izinin ɗaukaka ƙara yake roƙon kotu. Takardar da Birtaniya ke ba baƙo ta zaman dindindin sunanta "indefinite leave to remain", wanda in ka karanta da ma'anar aikatau sai ka ga kamar ana cewa tafi ka zauna, alhali izinin zama ne marar wa'adi. A bariki, sojan da ya ɓace ba da sanin kwamandansa ba ana rubuta masa AWOL, taƙaitawar "absent without leave". Ba a tambayarsa ko ya huta ko bai huta ba. Abin da ake tambaya shi ne wa ya yarje masa.

Haɗuwar kalmomin nan biyu tana yi wa masu rubuta takarda illa. Ma'aikacin da ya rubuta wa shugabansa "I want to leave" ya faɗa masa cewa yana son barin aikin ne. In hutu yake nema, sai ya ce "I wish to apply for leave" ko "I would like to go on leave". Haka "leave the office" tashi daga ofis ne a tafi gida, amma "leave office" sauka daga muƙami ne, irin na gwamnan da wa'adinsa ya cika. Kalma ɗaya tak ce tsakaninsu. Sannan ana cewa mutum yana "on leave", ba "in leave" ba, kuma a daidaitaccen Turanci ba a yi wa kalmar jam'i. "Two weeks' leave" ake rubutawa. Wanda ya rubuta "leaves", Bature zai fara tunanin ganye, ko da yake a ofisoshin Indiya jam'in ya zauna daram. "Proceed on leave" da ya cika takardun gwamnatin Najeriya gadon aikin mulkin mallaka ne. Daidai ne, sai dai ɗan Landan na yau "I'm off next week" zai ce wa abokin aikinsa ya wuce.

Tunda izini ne, to yana da mai bayarwa, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma yana da shaida. A yawancin ma'aikatun gwamnati abin yana farawa ne daga jadawalin hutu da ake tsarawa a farkon shekara, kowa ya zaɓi watansa, shugaban sashe ya daidaita don kada ofis ya zama wayam a lokaci guda. Sunanka a jadawali niyya ce kawai. In lokacin ya kusa, da makonni uku zuwa huɗu, za ka cike fom ko ka rubuta takarda ta hannun shugabanka na kusa, ka faɗi irin lif ɗin, yawan kwanaki, ranar tafiya, ranar dawowa, adireshi da lambar da za a same ka, da sunan wanda zai riƙe maka aiki. Shugabanka ya rubuta a gefe cewa ya goyi baya. Takardar ta gangara sashen mulki, a ɗauko fayil ɗinka a duba kwana nawa suka rage maka a shekarar. Mai ikon amincewa ya sa hannu, sannan a buga maka takardar amincewa mai lamba da kwanan wata da hatimi. Kafin ka fita ka rubuta takardar miƙa aiki: fayilolin da ke hannunka da inda kowanne ya tsaya, makullai, kuɗi ko kayan da ke wuyanka, ku sa hannu kai da mai karɓa.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne tsakanin goyon bayan shugaba da takardar amincewa. Shugaban sashe ya rubuta "recommended", ko ma ya ce maka da baki "je ka kawai, ba komai," kai kuma ka hau mota. "Recommended" shawara ce, "approved" ne izini. In aka canza wannan shugaba kana can, ko aka zo tantance ma'aikata ba zato, fayil ne zai yi magana, fayil kuwa bai san an yi da kai ba. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, rashin zuwa aiki ba da izini ba yana cikin jerin manyan laifuffuka, waɗanda hukuncinsu kan iya kaiwa ga kora. Yakan fara da takardar tuhuma da tsayar da albashi. Shi ya sa tsofaffin ma'aikata ba sa barin gari sai takardar ta shiga aljihu, kuma sukan yi mata kwafi biyu, ɗaya a gida.

Najeriya ta ga wannan darasi a matakin da ba wanda ya fi shi. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Saudiyya jinya ba tare da an aika wa Majalisar Tarayya takardar da sashe na 145 na Tsarin Mulki ya ambata ba. Babu wanda ya yi musun cewa ba shi da lafiya. Amma da yake babu takarda, mataimakinsa ba shi da hurumin riƙon ƙwarya, aka yi kwana 78 ana ja-in-ja, sai ranar 9 ga Fabrairu 2010 Majalisa ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashi bisa hujjar larura. A shekarar aka gyara sashen: in shugaba ya yi kwana 21 bai aika takarda ba, Majalisa na da ikon ɗora mataimaki da rinjayen ƙuri'a. Da Shugaba Buhari zai tafi Landan a Janairun 2017, takarda ta riga shi isa Majalisa, Yemi Osinbajo ya riƙe, ba a maimaita waccan rigima ba.

Sai lissafin kwanaki, wanda a nan ne Turanci ke ɓoye tarko cikin kalma ɗaya. Akwai "calendar days", akwai "working days". Kwana 30 na kalanda in ka fara ranar Litinin za su ƙare ranar Talata ta mako na biyar, kuma ranakun aikin da ka samu a ciki 22 ne kacal, sauran 8 ɗin Asabar da Lahadi ne da dama naka ne. Kwana 30 na aiki kuwa mako shida ne cif, kwana 42 kafin ka sake ganin teburinka. A ma'aikatun tarayya, daga matakin albashi na 07 zuwa sama kwana 30 ne a shekara, mataki na 04 zuwa 06 kwana 21, na ƙasa da haka 14. An daɗe ana ƙirga su da kalanda, sai a Satumban 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sababbin ƙa'idoji da suka mayar da lissafin kan ranakun aiki. Jihohi da kamfanoni kowa da nasa tsarin, don haka abin da za ka fara dubawa a takardar ɗaukarka aiki shi ne kalmar da ke gaban "days". In hutun Sallah ya faɗo cikin lif ɗin da ake ƙirgawa da ranakun aiki, a lissafi ranar dawowarka ta matsa. Sai dai ranakun Sallah ba a sanar da su sai ana saura 'yan kwanaki, bayan an riga an buga maka takarda. Kada ka matsar da ranar da kanka. Ka tuntuɓi sashen mulki su tabbatar maka a rubuce, ko da saƙon waya ne da za ka iya ajiyewa.

Mutane da yawa sun ɗauka kwana 30 haƙƙin kowane ma'aikaci ne a doka. Ba haka ba ne. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ranakun aiki 6 kawai ya tilasta, bayan wata 12 ana aiki ba yankewa, sai wanda bai kai shekara 16 ba da aka ba 12. Ita ma dokar ba kowa ta rufe ba, domin ma'anar da ta ba ma'aikaci ta fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru, su abin da ke cikin yarjejeniyarsu ne dogaronsu. Shida ɗin nan ya yi kaɗan ƙwarai in aka auna da maƙwabta: dokar Ghana ta 2003 ta ba da ranakun aiki 15, ta Nijar kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, wato 30 a shekara. A Birtaniya mako 5.6 ne, kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a mako, kuma mai kamfani na iya lissafa ranakun hutun gwamnati a ciki. Amurka ce abin mamaki: babu dokar tarayya da ta tilasta hutun shekara mai albashi ko na kwana ɗaya. Dokarsu ta 1993 mako 12 ta ba da saboda haihuwa ko ciwo mai tsanani, babu albashi, kuma sai a wurin da ke da ma'aikata 50 ko fiye, ga wanda ya yi shekara guda da aƙalla awa 1,250 a bakin aiki. Ba'amurken da ya ce yana "on leave" yawanci wani babban al'amari ne ya same shi, haihuwa ko jinya. Hutun shaƙatawa "vacation" yake ce masa ko PTO, wato hutu mai albashi, "holiday" kuma a wurinsa ranar biki ce ta kowa da kowa, alhali a bakin ɗan Birtaniya "holiday" shi ne hutun shekarar. Mu duk waɗannan hutu muke ce musu, har da "off" na ma'aikatan jinya bayan aikin dare da "break" na cin abincin rana, shi ya sa bambancin ke kuɓuce mana.

Kalmar da aka ɗora a gaban "leave" ita ke faɗin ko da albashi ko babu, da irin shaidar da za a nema. "Casual leave" na uzurin gaggawa ne, kwana 7 a shekara a aikin tarayya, ana ɗibarsa kwana ɗaya ko biyu saboda ɗaurin aure ko kai yaro makaranta. "Sick leave" yana tsayawa ne a kan takardar likita mai rajista, wadda a asibitocinmu ake kira "excuse duty". Dokar Ƙwadago ta ce a biya har ranakun aiki 12 a shekara. Kuskuren da aka saba yi shi ne a kwanta mako guda a gida da maganin kemis, sai an warke a je neman takarda mai kwanan watan baya. Likitan kirki ba zai rubuta abin da bai gani ba, ofis kuma yana da damar ƙin karɓa. A je asibiti tun ranar farko ko ta biyu, a tura hoton takardar ga shugaba a ranar. "Compassionate leave" na rasuwa ne, 'yan kwanaki. Waɗanda suka ƙirƙiri kalmar ba su da takaba ta wata huɗu da kwana goma a lissafinsu, don haka ma'aikaciyar da mijinta ya rasu dole ta nemi tsari na daban a rubuce, kada ta dogara da cewa ai kowa ya san halin da take ciki.

Hutun haihuwa a doka mako 12 ne, shida kafin, shida bayan, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a wurin, sai rabin awa sau biyu a rana don shayarwa bayan ta dawo. Wannan bai kai mako 14 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta gindaya a yarjejeniyarta ta 2000 ba. Gwamnatoci sun wuce dokar: Legas ta ba ma'aikatanta mata wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Maza a aikin tarayya sun samu ranakun aiki 14 na "paternity leave", amma sau ɗaya a shekara biyu, kuma ga 'ya'ya huɗu kawai. Mai mata biyu da suka haihu a shekara ɗaya, ɗaya daga cikin sunayen sai ya ci daga hutunsa na shekara.

"Study leave" iri biyu ne, mai albashi da marar albashi, kuma mai albashin yana zuwa da igiya. Sai an tabbatar da kai a aiki, sai karatun ya dace da aikinka, sannan ka sa hannu a yarjejeniyar dawowa ka yi aiki na wasu shekaru ko ka biya abin da aka kashe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Takardar shiga jami'a ba ta zama izini ba. Akwai masu fara digiri na biyu ko na uku takardarsu tana yawo a ofis, su gama, su kawo sakamako, a ƙi sa shi a fayil saboda ba a amince da karatun tun farko ba. In kuma karatun ya zarce wa'adi, a nemi ƙari kafin wa'adin ya cika, tare da wasiƙar malamin da ke duba aikin. "Sabbatical" na malaman jami'a shekara guda ne bayan shida, sunan kuma tushensa ɗaya da Asabar ɗinmu, ranar bakwai.

Akwai kuma lif ɗin da ba mutum ne ya nema ba, a nan kalmar ta koma mayafi. In jarida ta ce an tura shugaban wata hukuma "compulsory leave", hutun dole ke nan: an kawar da shi daga ofis don masu bincike su samu sarari, ba a kore shi ba, ba a kuma same shi da laifi ba tukuna. Amurkawa "administrative leave" suke cewa, yawanci da albashi, kamar yadda ake yi wa ɗan sandan da ya yi harbi kafin a gama bincike. Bai kamata mai fassara labari ya haɗa wannan da "interdiction" ko "suspension" ba. A ƙa'idar aikin gwamnati na farkon da rabin albashi ne, na biyun babu ko kwabo, dukansu kuwa dakatarwa muke cewa a Hausa, don haka sai a ƙara bayani. "Garden leave" al'adar bankuna da manyan kamfanonin Birtaniya ce: ka ba da sanarwar barin aiki, su ce zauna gida, su ci gaba da biyanka cikakken albashi har wa'adin ya cika, amma ba ka da ikon fara aiki da abokin gasarsu, don sirrin da ke kanka ya tsufa kafin ka kai shi can. "Furlough", wadda ta shigo Turanci daga harshen Holan da ma'anar izini ita ma, ta yi suna a 2020 lokacin korona, da gwamnatin Birtaniya ta riƙa biyan kashi 80 cikin 100 na albashin waɗanda aka zaunar a gida, iyaka fam 2,500 a wata. A Amurka kuwa in aka ce an yi wa ma'aikatan tarayya "furlough" saboda rikicin kasafi, albashi ne ya tsaya, kamar kwana 35 ɗin ƙarshen 2018 zuwa Janairun 2019. Sai "terminal leave" na mai shirin ritaya, bayan shekara 35 a aiki ko 60 a duniya. Wata uku ne, kuma wa'adin sanarwa ne, mutum yana nan a matsayin ma'aikaci, kuma lokacin haɗa takardun fansho ne. Wanda ya ɗauke shi hutu ya koma ƙauye, shi ne za ka gani bayan shekara yana zarya saboda kwanan watan haihuwarsa ya saɓa a takardu biyu.

Batun kuɗi ma yana da rassa biyu da ake cakuɗawa. Kuɗin lif, wato "leave grant" ko "leave allowance", ƙari ne a kan albashi, a wurare da yawa kashi 10 cikin 100 na tushen albashin shekara, wasu wuraren kuma an narkar da shi cikin albashin wata-wata har ba a ganinsa. Karɓarsa bai cinye maka kwanakinka ba. "Pay in lieu of leave" kuwa sayen kwanakin ne da kuɗi, kuma Dokar Ƙwadago ta hana hakan muddin yarjejeniyar aiki ba ta ƙare ba. Ana iya ɗage hutu da yardar ɓangarorin biyu, amma ba a wuce wata 24 ana tarawa. A aikin gwamnati, hutun da ba a ci ba cikin shekararsa, ba a kuma samu takardar ɗagewa ba, yakan bi ruwa. In shugaba ya ce aiki ya yi yawa, bari sai baɗi, ka roƙe shi ya rubuta.

Ranar dawowa tana da tata takardar. Ka rubuta cewa ka kama aiki ranar kaza, shugabanka ya sa hannu, kwafi ya shiga fayil, ka karɓi abin da ka miƙa da irin lissafin da ka miƙa shi. Bayan lif marar albashi wannan takarda ce ke sa a mayar da sunanka cikin jerin biya, kuma in ta isa ofishin albashi bayan an rufe lissafin wata, sai watan gaba. Ƙarin kwana biyu ba da sanarwa ba sunansa "overstaying leave", hukuncinsa ɗaya da na wanda bai nemi izini ba tun farko. Shi kuwa wanda ya sulale bai gaya wa kowa ba, Ingilishi kan ce ya ɗauki "French leave", su kuma Faransawa a harshensu sai su ce ya yi tafiyar Ingilishi.